Anti, maigida yac ce yoga bautar Indiyawa ce, ni kuma ciwon baya ya hana ni sakat

Salamu alaikum Anti. Ni tela ce a Mabera nan Sakkwato, shekarata 38, ɗiya biyar, autana ya shekara biyu. Ciwon baya ya matsa mani, in na zauna kan keke tun hantsi har la'asar sai na dafa bango nike iya miƙewa. An auna ni an ce ina da hawan jini, ina kan magani, barci ma ba ya zuwa sosai. Ɗiyar yayata da ke karatun jinya tac ce in gwada yoga, motsa jikin nan na miƙe gaɓoɓi da ja da numfashi, har ta turo mani bidiyo a WhatsApp, maigida ya gani yac ce wanga bautar Indiyawa ce, ba dai a gidanshi ba. Ga ni da ƙiba, ko yatsun ƙafata ban iya taɓawa in na duƙa. Don Allah ya halatta? Zai yi mani maganin bayan? In na fara zan iya aje maganin hawan jini, don wallahi na gaji da haɗiyar ƙwaya? Yana rage tumbi? Kuma sai na sayi irin tabarmar nan tasu?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya ba ki lahiya ya sa kaffara ne.

Cikin tambayoyinki akwai wadda ta tsaya mani a rai, ita zan fara ɗauka tun kan mu zo maganar maigida. Don girman Allah kar ki aje maganin hawan jini. Shi wanga ciwo ba ya sallama, mace na iya yawo da awo 170 bisa 100 tana jin ta garau tana ɗinkinta, sai rana ɗaya a ji ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu, kuma da yawa haka abin ke zo masu bayan sun ce ai sun warke sun daina sha. Motsa jiki da numfashi a natse suna ɗan sauko da awo, wanga gaskiya ne, amma ɗan kaɗan ne, ba su kai aikin ƙwaya ba. In kin dage wata uku ko huɗu, kin rage gishiri da magi a miya, awonki ya riƙa zama ƙasa da 140 bisa 90 a kai a kai, to likitan da ya ɗora ki kan maganin shi ke da ta cewa, ko ya rage maki ko ya ce a ci gaba a haka. In kuma wani abu ne maganin ke sa maki, kamar tari ko kumburin ƙafa ko yawan fitsari, ki faɗa mai, iri-iri ne, ana canzawa.

Tunda munka shigo maganar ƙwaya, na san halin masu ciwon baya, da ya motsa sai a aiki yaro kemis ya sawo diclofenac ko ibuprofen ko haɗin nan na maganin gajiya da ake ƙullawa a leda. In kina yi ki bari. Irin waɗanga in anka daɗe ana sha suna ƙara hawan jini, suna cin ciki su kawo ulsa, suna wahal da ƙoda, ga ki kuma dama kina da lalurar da ke taɓa ƙodar.

Sai maganar bayan. Kafin ki shimfiɗa komi ki ce za ki motsa, ki duba kanki: in ciwon na sauka ƙafa har kina jin ta mutu ko ba ƙarfi, ko fitsari na kuɓce maki ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinki ya yi dindiris ba ki jin taɓi, ko akwai zazzaɓi, ko kina rama ba dalili, ko faɗuwa kinka yi ciwon ya fara, to wanga ba na bidiyo ba ne, asibiti za ki tahi ba da jinkiri ba. In babu ko ɗaya ciki, mafi yawan lokaci irin naki ciwon zama ne. Mutum ya wuni a duƙe kan keke, naman gaban ƙugu ya ɗaure, na ɗuwawu ya yi sanyi don ba ya aiki, na ciki kuma haihuwa biyar ta sake shi, to duk nauyin sai ya koma kan ƙashin baya da ɗan naman da ke gefenshi, shi ya sa in kin zo tashi sai kin dafa bango. Irin wanga ciwo kwanciya ba ta maganinshi, ƙara shi ma take, motsi yake so.

Kuma an gwada an gani. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta fidda shawara cewa mai ciwon baya da ya daɗe a fara mai da hanyoyin da ba na ƙwaya ba, cikin waɗanda sunka lissafa har da motsa jiki da yoga. A shekarar dai anka buga wani bincike da anka yi a birnin Boston kan mutum 320, akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi, wasu anka sa su yoga na sati 12, wasu anka tura su wurin masu gashin ƙashi, wato fisiyo, sai anka tarar sauƙin da sunka samu kusan ɗaya ne. Ki riƙe wanga batu don zai yi mana amfani a maganar maigida. Ba wai ciwon zai ɓace bat ba, a'a, sauƙi ne madaidaici, ki iya tashi ba dafa bango, ki iya wuni ba ki nemi kemis ba, kuma sai an jure makonni kan a gani.

To mu zo kan maigida, don a nan ne zaman gidanki yake, kuma ni ban son ki sami lahiyar baya ki rasa kwanciyar hankalin ɗaki. Gaskiya bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi duka ba. Yoga daga Indiya ta fito, ta fi shekara dubu biyu, kuma a asalinta tana haɗe da addinin Hindu da wasu addinan can. Har gobe akwai masu yin ta a matsayin ibada, akwai jerin motsin da suke kira gaisuwar rana, akwai kalmomin da suke maimaitawa da murya kamar om da wasu masu ɗauke da sunayen abin bautarsu, akwai haɗe tafi a ƙirji a sunkuyar da kai. Musulma ba ruwanta da waɗanga ko kaɗan, Allah ya ce a suratu Fussilat aya ta 37 kar a yi sujada ga rana ko ga wata. Don haka namijin da ya ga abu ya ji tsoro wa tauhidin iyalinshi, ni ban ganin laifinshi, kishin addini ne, a gode mai ma.

Abin da bai faɗa ba shi ne yawancin abin da ake yi yau a asibitoci da wuraren motsa jiki an tsame shi daga wancan. Masana tarihi sun nuna cewa da yawa cikin motsin da ake gani yanzu a ƙarni na 20 sunka haɗu, an gauraya na Indiya da atisayen Turawa, shi ya sa in kin je wurin fisiyo takardar da za su ba ki ta motsin baya za ki ga wasu cikinsu irin abin da ke cikin bidiyon ɗiyar yayarki ne. Malamai ma ba bakinsu ɗaya ba. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana musulmin can yoga saboda abin da ke cikinta na bauta da maimaita kalmomi. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe, tac ce wadda ke da waɗancan abubuwa haramun ce, wadda kuma motsa jiki ce zalla ba laifi. A 2017 hukumomin Saudiyya sun ba da izinin koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki, sai dai ki lura wanga izinin gwamnati ne, ba fatawa ba ce, kar ki je ki ce ma maigida malaman Makka sun halatta, zai bincika ya ga ba haka ba ne maganarki ta zube.

Ni abin da nike gani, miƙe baya da ja da numfashi ba mallakar wani addini ba ne, jiki ne Allah ya yi shi da gaɓoɓi, kuma hadisi ya tabbata cewa jikinka na da haƙƙi a kanka. Amma fatawa ta malamai ce, kuma gida na da shugaba. Saboda haka kar ki yi a ɓoye, ranar da ya shigo ya tarar da ke kin rufe ɗaki kina bin bidiyon da ya hana, maganar ta tashi daga yoga ta koma rashin jin magana, wagga kuwa ta fi wuyar gyara. Ki bari sai ya ci abinci ya natsu bayan isha'i, ki ce mai Malam ka ga yadda bayan nan ke hana ni aiki, kuma da ɗinkin ga nike taimakawa a gida, na ji maganarka ban son abin da zai taɓa mani imani, ga motsi biyar da nike son yi, duba ka gani. Ki gwada mai su a gabanshi, ba waya, ba kiɗa, ba wata kalma. Sau da yawa abin da ke tada ma maza hankali ba motsin ba ne, shigar matan cikin bidiyon ce da kiɗan da gumakan da ake jerawa a bayansu, ya ga wanga a wayar matarshi ga ɗiya na leƙe, dole ranshi ya sosu. In yana son jin ta bakin malami ku tahi wurin wanda ya yarda da shi, amma a yi ma malamin bayanin abin da za ki yi dalla-dalla, kwanciya rigingine, jawo gwiwa, ɗaga ƙugu, don in anka ce mai kawai mi ne hukuncin yoga, amsar da zai ba da ta wancan mai bautar ce.

In duk da haka yac ce shi dai hankalinshi bai kwanta ba, ki goge bidiyon, ki roƙe shi ya kai ki asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Specialist a tura ki sashen fisiyo su rubuta maki motsin baya. Kin tuna binciken Boston, sakamakon kusan ɗaya ne, ba ki yi asarar komi ba, ga shi kin bi hadisin nan da ke cewa ka bar abin da ke sa ka kokwanto ka koma wanda ba ya sa ka. Ni da za ki ji tawa ma, ko ya yarda ko bai yarda ba ki je fisiyon ko sau ɗaya ne su taɓa bayan su gani.

Maganar ƙiba da rashin taɓa yatsu, ki cire ta a ranki. Waɗanda kike gani suna naɗewa sun shekara da shekaru suna yi, wasu ma haka anka halicce su da laushin gaɓa, kuma ba a buƙatar ko ɗaya daga cikin wancan don baya ya yi sauƙi. Ke tela ce, kin san keken da ya daɗe ba a sa mai mai ba, ba a hawanshi da gudu, ɗiga mai ake a juya da hannu a hankali har ya saki. Tabarmar tasu ma ba dole ba ce, amfaninta kawai hana santsi da tsare gwiwa. Ki shimfiɗa tabarmarki ta gida ki ninka bargo ki ɗora, kar dai ki yi kan katifa don tana lotsawa, kar kuma ki yi kan tayil da safa. Sallayarki ki bar ta ma sallah. Riga mai walwala da wando mai faɗi sun isa, ki ja ƙofarki.

Minti goma za ki fara da shi, bayan asuba kan rana ta ɗaga, ciki ba a cike ba, in kuma da yamma ne to a ba abinci awa biyu zuwa uku. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, tafin ƙafa a ƙasa, ki ɗora hannu ɗaya kan cibiya. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu a zuci har ki ji ciki ya ɗaga hannun, ki sake ta a hankali kina ƙirga shida, fitar ta fi shigar tsawo, wanga shi ke sa bugun zuciya ya lafa. Ki yi kamar sau goma. Daga nan ki jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, in tumbi ya tare ki kama ta bayan cinya ko ki zarga ɗankwali ki ja da shi, ki tsaya numfashi biyar, ki canza ƙafa. Sai ki haɗe gwiwoyin ki kwantar da su dama a hankali kafaɗu na manne da ƙasa, ki dawo, ki kai su hagu. Sannan wanda na fi so ma masu zama, kina kwancen nan ki matse ɗuwawu ki ɗaga ƙugu sama kaɗan, ko da tsawon tafin hannu ne, ki ƙirga uku ki sauke, sau takwas, shi ke tada naman da zaman keke ya kashe. Na ƙarshe ki juya ki durƙusa kan gwiwa da tafin hannu kamar mai rarrafe, in kin fidda iska ki turo baya sama ki sunkuyar da kai, in kin ja iska ki sake bayan ya ɗan lotsa ki ɗago ƙirji, a hankali, sau takwas shi ma. In gwiwa na ciwo ki sa filo ƙarƙashinta, in wuyan hannu ne ki dunƙule hannun. Shi ke nan fa, ba wani abu. Sati biyu kina wanga kan ki ƙara komi.

Ki bambance ja da suka. Jin nama na ja, ko ki tashi washegari jiki ya ɗan yi tsami kwana ɗaya biyu, wanga ba komi. Amma suka mai kaifi, ko abu kamar wutar lantarki ya bi ƙafa, ko jiri, ko ƙirji ya riƙe, ki tsaya nan take, in ya maimaita ki faɗa ma likita. Kuma saboda hawan jininki akwai waɗanda ba naki ba ne ko an nuna a bidiyo: tsayuwa bisa kai, rataye kai ƙasa a daɗe, riƙe numfashi, da numfashin nan na sauri da ake bugawa da ciki. Mai hawan jinin ido ma bai kamata ya riƙa sauke kai ƙasa ba don yana ƙara matsin cikin idon. In kin gama kar ki zabura ki miƙe, ki juya gefe, ki zauna, sannan ki tashi, don maganin hawan jini kan sa jiri in anka tashi da sauri. In ciki ya shiga ki dakata ki tambayi nas a wurin awo wane za ki ci gaba da wane za ki bari.

Akwai wata irin yoga da suke yi cikin ɗaki mai zafin digiri 40 don a yi gumi. Mu da Afrilu da Mayu ke kai mu sama da haka ba mu da buƙatarta, ke kuma da lalurarki hatsari ce. Da bazara ki tsaya kan na asuba ki sha ruwa, da hunturu ki ɗan zagaya tsakar gida jiki ya yi ɗumi kan ki fara, da azumi ki mai da shi bayan tarawi.

Tumbi kam ba zan yi maki daɗin baki ba, irin wanga motsi mai laushi ba ya ƙona kitse sosai, kuma babu motsin da ke zaɓen kitsen ciki shi kaɗai ya narkar. Tahiya da abinci su ke wanga aiki. Hukumar Lahiya ta Duniya na cewa babba ya sami aƙalla minti 150 na motsi madaidaici a sati, wato rabin awa kwana biyar, ko zagayen tsakar gida ne da sauri-sauri, ko ki taka zuwa islamiyya maimakon hawa kabu-kabu in wurin ba nisa. Ki rage lemun kwalba da sukarin da ake zabgawa a fura da kunu, tuwon dare a rage malmala a ƙara ganye. Wani tumbin kuma ba kitse ba ne duka, bayan haihuwa da yawa naman ciki kan rabe a tsakiya. Ki kwanta rigingine ki ɗan ɗago kai ki danna yatsu saman cibiya, in kin ji rami da ya wuce faɗin yatsa biyu, kar ki yi motsin nan na kwanciya a tashi zaune da ake cewa yana rage ciki, ki nuna ma fisiyo su ba ki wanda ya dace.

Barci, numfashin nan na huɗu da shida ki maimaita shi in kin kwanta, ki aje waya, ki bar shayi da goro daga la'asar. Ki kuma tambayi maigida ko kina minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, in eh ne ki faɗa ma likita, don wanga kan zo tare da ƙiba kuma yana hana hawan jini sauka. In kuma tunani ne ke hana ki barcin, ki sake rubuto mani mu yi wagga maganar daban, ban son in haɗa ta da ta baya in yi mata riƙon sakainar kashi.

Amma fa ƙanwata, minti goma da asuba ba zai biya bashin awa shida a duƙe ba in ba ki gyara zaman ba. Duk rabin awa ki tashi, ko guga ce ki yi a tsaye, ko ki yanka yadi, ko ki dafa ƙugu ki ɗan miƙe baya. In kan benci ko kujerar da ba majingina kike zama ki canza, ki naɗe zani ki tokare ƙasan bayanki da shi, ki jawo kujerar kusa da keken yadda ba sai kin miƙa wuya ba. Na san in sallah ta matso ba tela mai jin wagga magana, ana kwana kan keke, to ki rage karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinki tun da wuri, ki ba yaran shagonki abin da za su iya.

Littafin da kike rubuta awon kwastomomi, ki ware shafin ƙarshe, duk sati ki auna jininki ki rubuta kwanan wata da abin da ya nuna, ki rubuta ko kin yi motsin da yadda bayan yake, ranar ganin likita ki tahi da shi ya duba. Ki gaida maigida da ɗiya, ki kuma yi ma ɗiyar yayarki godiya, ki ce ta riƙa auna ki in ta zo gida.